Tsoro, dariya da doke-doke: inda mai sharhi da mai kallo suke raba hanya

A watan Yunin 1982 aka saki wani fim ɗin ban tsoro mai suna The Thing a Amurka, wanda John Carpenter ya ba da umarni. Masu sharhin fina-finai a jaridu suka yi masa ca. Wasu suka ce ƙazanta ce zalla, wasu suka ce babu mutum ko ɗaya a cikinsa da mutuwarsa za ta dame ka. Mako biyu kafin nan aka saki E.T., labarin wata baƙuwar halitta mai ban tausayi da yara da manya suka so, sai ga Carpenter ya zo da tasa halittar, mai cinye mutum ta ɗauki kamanninsa. Fim ɗin ya yi kwantai. Hatta kiɗan da Ennio Morricone ya tsara masa sai da aka sa shi a takarar kyautar Razzie, wadda ake bai wa aikin da ya fi kowanne muni a shekara. Waɗanda suka ceto shi su ne masu kallo a kaset ɗin bidiyo da talabijin, wannan ya gaya wa wancan, har ya kai yau da wuya ka ga jerin manyan fina-finan ban tsoro na duniya da babu shi a ciki. Wani abin dariya ma, an ɗauki wani ɓangare na kiɗan da Morricone ya yi wa The Thing amma ba a yi amfani da shi ba, aka sa a The Hateful Eight, fim ɗin da ya ba shi kyautar Oska, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a 2016.

Masu son fina-finan faɗa da na ban tsoro da na barkwanci suna son wannan labari, don yana ba su hujjar cewa masu sharhi ba su san komai ba. Ni ma ina son labarin, amma ba na jin abin da yake nunawa ke nan. Ai 'yan kallo ma ba su je sinima sun gan shi ba da farko. Rigimar da ke tsakanin mai sharhi da mai kallo a kan waɗannan nau'o'in fim uku tana da tushe, kuma tushen yana cikin yadda su fina-finan suke aiki a jikin mutum.

Fim ɗin soyayya ko na tarihi yana iya ba ka lokaci ka yi tunani, ka kwana ka tashi, sannan ka yanke hukunci. Waɗannan ukun ba sa jira. Ko dai gabanka ya faɗi lokacin da ƙofar ta buɗe da kanta, ko bai faɗi ba. Ko dai dariya ta kuɓuce maka, ko kana zaune fuska a murtuke. Ko dai ka tsinci kanka ka dunƙule hannu lokacin da jarumi ya yi tsalle daga wannan rufi zuwa wancan, ko kana duba agogo. Jiki ne ke yanke hukuncin kafin hankali ya iso wurin, kuma babu mai rubutun da zai iya zuwa washegari ya ce maka tsigar jikinka ba ta tashi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna mamakin wannan, musamman batun tsoro. Me zai sa mutum mai hankali ya ɓata lokacinsa don a firgita shi? Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania ya yi bayanin cewa mutum yana jin daɗin abin da jikinsa ya ɗauka haɗari ne muddin hankalinsa ya san babu abin da zai same shi. Zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana gumi, amma ka san kana kan kujera, kuma dodon yana cikin allo. Irin daɗin da ake ji ke nan a lilon da ke wulwula mutum sama ya dawo da shi. A 2020 masu bincike na Jami'ar Aarhus da ke Danmak suka wallafa wani nazari da suka yi a wani gidan wasa da aka shirya don tsoratar da baƙi, inda suka ɗaura wa mutane na'urar auna bugun zuciya. Abin da suka gano shi ne daɗin yana da tsakiya: in tsoron ya yi kaɗan mutum ya gundura, in ya yi yawa ya daina jin daɗi. Matsalar ita ce wannan tsakiyar ba a wuri ɗaya take ga kowa ba. Wanda ya kalli fim ɗin fatalwa ɗari biyar ya san cewa idan kiɗa ya ɗauke, kuma kyamara ta tsaya a bayan kafaɗar yarinya, to wani abu zai fito a madubi. Wanda wannan ne fim ɗinsa na biyar zai kwana da fitila a kunne. Dukansu gaskiya suke faɗi game da abin da suka ji.

Dariya kuwa ta fi haka wuyar sha'ani, don ita ba ta son kaɗaici. Robert Provine, wani masanin ƙwaƙwalwa Ba'amurke da ya shafe shekaru yana bin diddigin dariyar mutane, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin jama'a a kan in yana shi kaɗai. Na ga wannan da idona. Akwai fim ɗin barkwancin da na kalla cikin abokai, muka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ma hawaye yake sharewa. Bayan wasu watanni na sake kunna shi ni kaɗai da dare, ko murmushin kirki ban yi ba, har na fara tambayar kaina me ya same mu a ranar. Babu abin da ya same mu. An gina fim ɗin ne don ɗaki cike da mutane, kowane shiru da aka bari bayan magana an bar shi ne don dariyar jama'a ta cike shi. In babu jama'ar, sai shirun ya koma kamar ɗan wasa ya manta abin da zai ce.

To yanzu a dubi yanayin da mai sharhi yake aiki. Kallon fim sana'arsa ce, yana iya kallon ɗaruruwa a shekara. Sau da yawa ana nuna musu fim ne a wani ƙaramin ɗaki kafin ranar fitarsa, wani lokaci da hantsi, kowa da littafi da biro a hannu, kowa yana kiyaye fuskarsa kada na kusa ya gane ra'ayinsa. Daga nan kuma edita yana jiran rubutu. Mutumin da ya ga mota ta tarwatse sau dubu a allo, abin da yake nema shi ne wani abu sabo, kuma yana da gaskiya. Amma wanda ya wuni yana aiki, ya zo da dare yana son awa biyu da zai manta da duniya, ba sabon abu ya zo nema ba. Sau da yawa ma abin da ya saba da shi ya zo nema: jarumi zai sha wuya, bos zai yi ta cika baki, a ƙarshe za a gwabza, mugu ya sha kashi. Sanin ƙarshen ba ya rage masa komai, kamar yadda mai son wata waƙa ba ya daina saurarenta don ya haddace baitocinta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wato aikin mai sharhi da kalmomi yake, kuma wasu abubuwan sun fi wasu sauƙin rubutawa. Yana da sauƙi ka cika shafi a kan saƙon fim, da abin da yake cewa game da talauci ko mulki ko zumunci. Yana da wuya ƙwarai ka bayyana dalilin da ya sa jinkirin rabin daƙiƙa kafin ɗan wasa ya juyo ya sa ɗaki ya fashe da dariya, ko dalilin da ya sa wannan faɗan ya ƙayatar wancan kuma ya zama hayaniya. Ba don babu gwaninta a ciki ba. A 1928, a fim ɗin Steamboat Bill, Jr., ɗan wasan barkwanci Buster Keaton ya tsaya cak aka sako masa bangon gaban gida na gaske, ya tsira ta tagar da ke buɗe da tazarar 'yan inci kaɗan. Jackie Chan ya sulalo a kan wani dogon ƙarfe da aka naɗe da fitilun lantarki a Police Story na 1985, ya ƙona hannuwansa, sannan a wajen ɗaukar Armour of God ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya tsage. Wanda ya saba kallon fina-finansa ya san yadda yake jan kyamara baya ya bar ka ka ga jikin mutum gaba ɗaya, ka san ina ƙofa take, ina tsani yake, wa ke bayan wa. Wannan ilimi ne mai zaman kansa, kuma mai kallon da ya daɗe a harkar yana gane bambancin faɗan da aka tsara da wanda aka yayyanka hoto don a ɓoye cewa jarumin bai iya komai ba. Sau da yawa ya fi mai sharhin da fannin bai dame shi ba gane hakan, sai dai shi ba shi da shafi a jarida.

Manyan kyaututtuka ma sun daɗe suna kallon waɗannan fina-finai a kaikaice. An fara ba da kyautar Oska a 1929, amma sai a kan The Exorcist na 1973 fim ɗin ban tsoro ya fara shiga takarar gwarzon fim na shekara, kuma The Silence of the Lambs na 1991 ne kaɗai a cikin waɗanda ake ƙirgawa a wannan nau'i ya taɓa lashe ta. Masu tsara tsalle-tsalle da faɗa da tseren mota kuwa, waɗanda wasunsu suka rasa rayukansu a bakin aiki, sai a watan Afrilun 2025 aka sanar cewa za a ware musu kyauta, wadda za a fara bayarwa a biki na 100 a 2028. A 2019 da darakta Martin Scorsese ya ce fina-finan jaruman kamfanin Marvel sun fi kama da filin wasan lilo a kan abin da shi ya sani da sinima, masoyansu sun fusata. Ni kam da na ji maganar sai na ga ta yi daidai da bayanin Rozin, bambancin kawai shi ne shi Scorsese suka yake nufi, miliyoyin mutane kuwa lilon suka zo hawa da gangan.

Sai dai a zamanin nan yawancin masu cewa "masu sharhi sun kushe shi" ba su karanta sharhi ko ɗaya ba. Lamba suka gani. Kuma a nan ne aka fi samun ruɗani, don haka bari in ɗan tsaya a kai.

Shafin Rotten Tomatoes ya fara ne a 1998, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Senh Duong, masoyin Jackie Chan ne da ya fara da tattara abin da aka rubuta game da fina-finan gwaninsa. Lambar da shafin yake nunawa ba makin fim ba ce. Abin da ake yi shi ne a ɗauki kowane sharhi a jefa shi ɗaya daga kwando biyu, na yabo ko na suka, sannan a faɗi kaso nawa ne suka faɗa kwandon yabo. In sun kai kashi 60 cikin 100 a ce fim ɗin lafiyayye ne, in ba su kai ba a ce ya ruɓe. Ka ƙaddara masu sharhi 100 sun kalli wani fim, kowannensu ya ce "ba laifi, ana iya kallo". Wannan fim zai sami kashi 100. Ka ƙaddara wani fim ɗin kuma, 50 sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 50 sun ce ya tayar musu da zuciya. Wannan zai sami kashi 50, a manna masa tambarin ruɓewa. Tsarin yana saka wa fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba, yana hukunta wanda ya raba kan mutane. Fim ɗin ban tsoro da na barkwanci kuwa raba kan mutane ɗabi'arsu ce, tunda abin da ke ba wani dariya shi ke ba wani haushi.

Wani zai ce to a koma ga makin 'yan kallo. Shi ma yana da tasa larurar. A ƙarshen shekarun 1970 wani mutum mai suna Ed Mintz ya kafa CinemaScore bayan ya je kallon wani fim da aka yaba a jaridu ya fito da takaici. Har yau ma'aikatansu suna tsayawa a ƙofar gidajen sinima a daren farko na fitar fim, su ba mutane kati su zaɓi maki daga A zuwa F. Amma su wa ke zuwa a daren farko? Waɗanda tun da ma suna ɗokin fim ɗin. Abin da makin yake aunawa shi ne ko fim ɗin ya cika alkawarin da tallarsa ta ɗauka. Shi ya sa wani lokaci lissafin yake juyewa: Hereditary na 2018 ya sami yabon kusan kashi 90 na masu sharhi, amma 'yan kallon daren farko suka ba shi D+, don sun zo neman abin da zai sa su zabura su yi ihu su yi dariyar junansu, aka ba su baƙin cikin wani gida da ke cin rai a hankali. A intanet kuma abin ya fi lalacewa, don mutane kan yi gayya su zubar wa fim maki tun kafin ya fito saboda wata magana da jarumarsa ta yi. Hakan ya faru da Captain Marvel a 2019, har Rotten Tomatoes ya sauya tsarinsa ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti.

Kuɗin da fim ya tara ma ana kafa hujja da shi. Venom na 2018 ya sami yabon kusan kashi 30 kacal na masu sharhi, amma ya tara sama da dala miliyan 850 a duniya. Wannan yana nuna cewa suka ba ta hana kasuwa. Ba ya nuna cewa duk wanda ya shiga ya fito da farin ciki, tunda kafin a ga fim ake biya, kuma kamfanoni suna zuba dukiya mai yawa a talla. Su kamfanonin ma baki biyu gare su a wannan batu. In sharhi ya yi kyau su buga shi da manyan baƙaƙe a fosta, in sun san fim ɗin ba zai sha ba su ƙi nuna wa masu sharhi kafin ya fito, sannan su ce don masoya suka yi shi. A 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhi mai suna David Manning, wanda ake ta buga yabonsa a tallan fina-finan kamfanin Sony, babu shi a duniya, a sashen talla aka ƙirƙiro shi.

Duk da haka rashin adalci ne a tattara masu sharhi a kwando ɗaya, alhali abin da muke ƙorafi a kai ke nan. Alfred Hitchcock ya shiga takarar gwarzon darakta a Oska sau biyar bai ci ko ɗaya ba, ana masa kallon mai nishaɗantar da jama'a kawai. Waɗanda suka tsaya kai da fata cewa babban mai fasaha ne matasan masu sharhi ne na mujallar Cahiers du Cinéma a Faransa, irin su François Truffaut. Pauline Kael ta rubuta wata doguwar maƙala a 1969 tana kare daɗin da ake samu a fina-finan da ake ɗauka tarkace ne, tana ganin wanda ba zai iya jin daɗin irinsu ba, ba shi da dalili mai yawa na zuwa sinima. Roger Ebert, wanda ya yi sharhi a jaridar Chicago Sun-Times daga 1967 har rasuwarsa a 2013, kuma ya zama mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer a 1975, ya sha bayyana cewa makin da yake ba fim yana ba da shi ne gwargwadon nau'insa. In aboki ya tambaye ka ko wani fim ɗin dodanni yana da kyau, ai yana nufin a cikin fina-finan dodanni. Wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma mai sharhin da ya auna fim ɗin tseren mota da ma'aunin fim ɗin tarihi ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Wani lokaci kuma jama'a ce take riga su gani, kamar Sholay na Indiya a 1975, wanda sharhin farko ya kushe shi, kasuwarsa ta fara da sanyi, sannan ya shafe sama da shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta birnin Bombay.

Abin da na lura da shi a tsakanin masu kallo shi ne ana cakuɗa magana biyu da ba ɗaya ba ne: "na ji daɗinsa" da "an yi shi da kyau". Ta farko ba ta buƙatar shaida, kai ne ka ji. Ta biyu ana iya gardama a kanta, a kawo dalili, a kayar da kai ko ka kayar. Akwai fina-finan da na san labarinsu bai da kai bai da gindi, jarumin bai iya magana ba, bindigarsa ba ta ƙarewa da harsashi, amma in na ci karo da su ba na iya tashi. Ba na jin kunyar wannan, kuma ba zan ce wanda ya lissafa aibobinsu ƙarya yake ba. Cakuɗa maganganun nan biyu shi ke haifar da mutum iri biyu da duk suke ba ni tausayi. Na farko shi ne wanda sai ya ba da haƙuri kafin ya faɗi fim ɗin da yake so, yana cewa "na san dai shirme ne, amma...", kamar wanda aka kama da laifi. Na biyu shi ne wanda yake cika baki cewa bai damu da masu sharhi ba, amma ya kwana yana zaginsu. A 2012 sai da Rotten Tomatoes ya rufe wurin tsokaci a kan The Dark Knight Rises saboda barazanar da masoya suka riƙa yi wa 'yan tsirarun da suka soki fim ɗin, alhali a lokacin yawancinsu ko ganinsa ba su yi ba. Wanda ya kai ga yi wa baƙo barazana a kan ra'ayi, ya damu da ra'ayin fiye da kowa.

Ni yadda nake yi, musamman da fim ɗin ban tsoro da na barkwanci, ba na karanta komai sai na gama kallo, don su biyun da mamaki suke rayuwa, kuma sharhi ko da na yabo ne yana rage musu ƙarfi. Bayan na kalla sai in nemi mutum biyu ko uku da na san sun san fannin, in ga me suka gani da ban gani ba. Sau da dama mai sukar ne yake nuna mini abin da ya fi amfani, kamar inda aka aro wata dabara daga tsohon fim, sai in je in nemo tsohon. Fim ɗin faɗa kuwa nakan leƙa sharhinsa tun kafin in kalla, kuma dalilan nake dubawa. In mai rubutun ya ce an yayyanka hoton har ba ka gane wa ke dukan wa, ko an yi komai cikin duhu, to na haƙura ko da kashi 90 aka ba shi. In kuwa kukansa shi ne babu wani labari, awa biyu ana ta gudu da mota ana fasa gilashi, jarumin bai furta kalma hamsin ba, to a daren nan zan neme shi.